Filin Tambaya da Amsa: Gidajen bakin bahar na Jidda, akwai rabon talaka a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dattijuwa ce, a unguwar Karantina ta Jidda na yi aure, a nan na haifi ’ya’yana duka, har aka zo aka yi rusau. Yanzu muna can kudancin Jidda a wata shuƙƙa, wato sashen gida a bene, mai ɗaki biyu, ni da ɗana da matarsa da jikoki, kuɗin haya kuma duk shekara sai ya ɗaga. To kwanan nan wani dillali ya zo gidan maƙwabciyata da bidiyo a waya, wai gidajen da ake ginawa a bakin bahar wajen tsohon injin tahliya, wato na tace ruwan teku, za a ware wa talakawa kaso a ciki, mai kuɗi da mara kuɗi bene ɗaya, kuma waɗanda aka yi wa rusau su ne kan gaba, ko kana da jinsiyya, wato kai ɗan ƙasa ne, ko iƙama, takardar zaman baƙo. Ya ce a ba shi riyal 2,000 ya sa suna tun yanzu kafin a rufe. ’Yata da ke aure a Landan ta ce a can kam ana yin irin wannan gidajen. Dan Allah gaskiya ne? Ina da ɗan kuɗin adashi da na ɗauka, ban so in zubar. Daga wata baiwar Allah, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kafin komai, dan girman Allah kada ki ba mutumin nan ko riyal ɗaya, kuma ki gaya wa maƙwabciyarki ita ma ta riƙe kuɗinta. Ba a sa suna a gidajen gwamnati ko na babban kamfani ta hannun wani mai yawo gida gida da bidiyo a waya, ko a nan ko a Landan ɗin. Toh amma ’yarki ba ƙarya ta yi ba, akwai irin wannan tsarin a duniya, shi yasa nake so mu ɗan zauna a kan maganar ki ga inda gaskiya take da inda dillali ya ƙara gishiri.

Aikin da ya nuna muku shi ne wanda ake kira Wasaɗ Jidda, Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ne ya ƙaddamar da shi ranar 17 ga Disamba 2021. Kuɗin da aka sanar riyal biliyan 75, fili murabba’in mita miliyan 5.7 tsakanin fadar Salam da injin tahliya, bakin ruwa mai tsawon kilomita 9.5, gidaje 17,000, ɗakunan otal 2,700, da gidan tarihi da filin ƙwallo da gidan kallon kifaye da gidan wasan opera. Tsohon injin tace ruwan ma ba rushe shi za a yi ba, shi za a mayar gidan tarihin. An ce kashi na farko zai kammala ƙarshen 2027. Asusun zuba jari na gwamnati ne ke da kamfanin, wato aiki ne na jari, ana so ya dawo da riba ya jawo ’yan yawon buɗe ido. Kin ga kuma wurin ba Karantina ba ne. Karantina da Gulail da Fitromin suna kudu ne ta wajen tashar jiragen ruwa, shi kuwa wannan yana can sama ta Kornish, titin bakin teku, mutane ne suke haɗa su saboda rusau ɗin ya fara ƙarshen 2021 kusan lokaci ɗaya da sanarwar aikin. Unguwanni sama da 60 abin ya shafa, kuma ke kin fi ni sanin yadda aka yi, diyya da gidajen da aka raba ’yan ƙasa aka ba, mai iƙama da ke haya kayansa kawai ya kwashe ya tafi neman wani ɗakin. Shi ma shirin Sakani da ke taimaka wa mutane mallakar gida, wanda ake so ya kai ’yan ƙasa masu gidan kansu kashi 70 cikin 100 a 2030, na mai jinsiyya ne. To ta ina dillali ya samo jerin sunayen masu iƙama?

Yanzu bari mu je ga maganar ’yarki. A Turai da Amurka, da masana’antu suka mutu ko suka tashi daga tsakiyar gari, sai aka bar manyan filaye a bakin ruwa, tsofaffin tashoshin jirgi, gidajen wuta, kamfanonin sukari, shekara da shekaru ba mai zuwa sai ɓeraye. Daga baya aka farga ashe nan ne wuri mafi tsada a gari, ga ruwa ga iska ga kusa da kasuwa. Idan aka bar ’yan kasuwa su kaɗai, gidan masu kuɗi zalla za su gina, wannan ba sai an faɗa ba, don wanda ya ci bashin banki ya sayi fili mai tsada ba zai sa mai sharar asibiti a hawa na goma mai kallon teku don Allah da Annabi ba. Abin da ke sa talaka ya shiga shi ne hukuma ta rubuta sharaɗi tun kafin ta ba da fili ko izinin gini.

Ki ɗauki Hambog ta Jamus. Tsohuwar tashar jirgin ruwansu, hekta 157, suka mayar unguwa mai suna HafenCity. Ɓangarorin farko da aka gina sun yi tsada sosai har mutanen gari suka yi ta ƙorafi cewa an yi wa attajirai unguwa da filin jama’a, to daga 2011 sai aka koma tsarin kashi uku, ɗaya gidajen haya masu tallafin gwamnati, ɗaya haya a farashin kasuwa, ɗaya na sayarwa. Abin da ya ba su ƙarfin yin haka shi ne filin na birnin ne, in kana so a ba ka sai ka yarda da sharaɗin, kuma ba wanda ya fi kowa taya kuɗi ake ba ba, ana duba me zai gina. A Niyok kuma akwai Hunter’s Point South a bakin kogi, da can fili ne na masana’antu da layin dogo, benaye biyun farko da aka buɗe a 2015 gidaje 925 ne masu rangwame. Kin san mutum nawa suka nema? Sama da 90,000. Ƙuri’a aka jefa, kuma cike takardar kyauta ne, sai wanda sunansa ya fito a kira shi ya kawo shaidar albashi, a sa shi a rukunin da ya dace da samunsa, hayar kuma ana daidaita ta ne kusan kashi 30 cikin 100 na abin da rukunin ke samu. Kin ga ko a inda tsarin ke aiki da gaske ba a sayen layi.

Landan ɗin da ’yarki take ita ce ma ta fi ba ni darasi, don akwai mai daɗi akwai mara daɗi. Suna da doka tun 1990 da ke ba ƙaramar hukuma dama ta ɗora wa mai gini sharaɗin gidaje masu rangwame. Amma a tsohon gidan wuta na Battersea da ke bakin kogin Tems, wanda ya daina aiki a 1983, an fara alƙawarin gidaje masu rangwame 636, da aka zo 2017 masu aikin suka ce kuɗin gyaran tsohon ginin ya yi yawa, aka yarda aka rage zuwa 386, su ɗin ma ba a bakin ruwan aka sa su ba sai can gefe. Akwai kuma benaye da aka yi wa masu rangwame ƙofar shiga daban ta baya, kada su haɗu da masu kuɗi a lif, abin da ya tada ƙura har Niyok ta hana shi a 2015 ga gine-ginen da ke cin sassaucin haraji. Wannan abin yana min ciwo wallahi, a ce yara biyu gini ɗaya makaranta ɗaya amma kowa da ƙofarsa. Sai dai a Landan ɗin dai, a Coin Street, mazauna unguwa ne da kansu suka haɗa kai suka yi shekaru suna ja da masu son gina ofisoshi, a 1984 suka sayi eka 13 a bakin kogi kan fam miliyan 1, suka gina gidajen haya na ƙungiya wajen 220, kuma ba a yarda mai zama ya saye nasa ya sayar ba, shi yasa har yau direban bas da nas suna zaune a wurin da attajiri ke nema ido rufe.

Saboda haka Hajiya duk wanda ya ce miki an ware wa talaka kaso, tambayoyinki su ne, kaso nawa, a wace takarda aka rubuta, hayar da me aka ɗaure ta, da albashi ko da farashin kasuwa, kuma shekara nawa rangwamen zai yi. Ta ƙarshen nan mutane suna mantawa da ita, alhali a wurare da yawa rangwamen na ƙarewa bayan wasu shekaru sai gidan ya koma farashin kasuwa a tashi mutum da tsufansa. Sannan akwai kuɗin hidimar bene, mai gadi, lif, wurin wanka, shara, wanda a irin waɗannan gine-ginen shi kaɗai zai iya kai hayar ɗaki a unguwanninmu. Ga kuma cefane, in babu baƙala, wato ɗan shagon unguwa, da mai gasa burodi da kasuwar kayan miya a kusa sai manyan kantuna, talaka ko an ba shi ɗakin zai ji a jikinsa.

Ni a ganina garin da ke da hankali ya kamata ya yi wannan haɗin, ba don tausayi kaɗai ba. Ɗakunan otal 2,700 wa zai wanke zanin gadonsu, wa zai dafa, wa zai tuƙa, in duk sai sun taso daga bayan gari awa guda a mota? Kuma mutanenmu da suka yi zamani a Karantina da Hindawiyya da Sabil, kakanninsu da ƙafa suka zo hajji ta Sudan suka tsallako daga Suwakin, sun yi dako a tashar nan, sun yi gini, sun sayar da tsire da kunu, suna da haƙƙin a tuna da su in ana raba bakin ruwa. Amma abin da nake ganin ya dace daban, abin da ke ƙasa a yau daban, kuma kuɗin adashinki da abin da ke ƙasa za ki auna shi.

In dillalin ya dawo ki ce ɗanki ya tambaye shi lambar lasisinsa na Fal, tun 2023 ba a yarda kowa ya yi dillancin gida ba sai da shi, kuma la’adar da doka ta sani kashi 2.5 cikin 100 ce sai an ƙulla ciniki, ba kuɗin sa suna ba. Gidan da ba a gama ginawa ba kuma ta tsarin Wafi ake sayar da shi, kuɗi na shiga asusu na musamman a banki, ba aljihun mutum ba. Za ki ga ba zai sake waiwayo ku ba. Ita kuma shuƙƙar da kuke ciki, ku tabbata yarjejeniyar tana kan Ijar, shafin gwamnati na rajistar haya a intanet, da sunan ɗanki, don ita ce hujjarku in mai gida ya tashi ƙari tsakiyar shekara. Dakatar da ƙarin haya na shekara 5 da kika ji ana faɗa, a watan Satumba 2025 aka yi shi kuma da Riyad aka fara.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matashi ne ina aikin gini a Jidda, kafin nan na yi a Yanbu. Akwai wani fili da muka taɓa haƙa wanda da ma’ajiyar mai ce, da muka yi ƙasa kamar mita biyu ƙasar ta koma baƙa tana warin gas, har kan wasunmu ya yi ciwo. Tun ranar nake tunani, gidajen da ake ginawa a tsofaffin wuraren masana’anta ba za su cutar da mutane ba kuwa? Matata na da ciki kuma muna neman gida. Daga wani ɗan’uwa, Jidda.

Amsa: Ɗan’uwa Allah ya sauke ta lafiya, kuma tunaninka daidai ne, gani ya kori ji, kai da hancinka ka shaƙa. Wannan baƙar ƙasar mai ne ya tsiyaya shekara da shekaru daga tanki ko bututu, warin da ya sa muku ciwon kai tururinsa ne, kuma a cikinsa akwai sinadarin benzin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini in mutum ya daɗe yana shaƙa. Ba ya zama a ƙasa shiru, yana iya bi ta tsagar daɓe da ramin bututu ya taru a ɗakin ƙasa. Ban da mai akwai dalma da asanik da sauran ƙarafa masu guba, su kuma ba su da wari ko kaɗan, ga asbestos na tsofaffin rufi da bututu da ke tashi in ana rusau.

Mu Hausawa ba sai an je nesa an kawo mana misali ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, daga ƙurar duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje, manya suna yawonsu lafiya yara na mutuwa, saboda yaro shi ke rarrafe a ƙasa ya sa hannu a baki, jikinsa kuma ya fi na babba zuƙar dalmar, mai ciki ma tana miƙa wa abin da ke cikinta. Maganin da aka yi a can, a Bagega da sauran garuruwan, shi ne kankare saman ƙasar gidajen aka kwashe aka zubo sabuwa. A Amurka kuma akwai Love Canal, inda wani kamfani ya binne sharar sinadarai wajen tan 21,000 aka zo aka gina makaranta da gidaje a wurin, a 1978 aka fara kwashe iyalai, shi ya haifar da dokarsu ta 1980 da ke tilasta wa wanda ya ɓata wuri ya biya kuɗin gyara.

Amma kada wannan ya sa ka ce duk tsohon filin masana’anta haram ne a zauna. Ana gyarawa, kuma kai mai aikin gini za ka gane yadda ake yi. Da farko a huda ramuka a wurare da yawa a ɗebi ƙasa da ruwan ƙasa a kai gwaji, inda ya yi muni a haƙe a kwashe, wani wurin a wanke ƙasar da inji kamar yadda aka yi a filin wasannin Olamfik na Landan kafin 2012, mai kuma akwai ƙwayoyin halitta da ke cinye shi in an juya ƙasar ana ba ta iska, sannan a shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe da bututun da zai fitar da tururi sama, a rufe lambu da filin wasan yara da sabuwar ƙasa. Tsadar wannan aikin ita ce hujjar da masu gini suka fi kawowa in suna so a rage musu gidajen masu ƙaramin ƙarfi, shi yasa a wuraren da abin ya yi kyau gwamnati ce ke ɗaukar gyaran ƙasa tukuna ta miƙa fili da sharaɗi.

Kuma wuri da wuri ya bambanta. Matatar mai, irin ta Jidda da aka rufe a 2017, da ma’ajiyar mai da wurin jima da wurin narkar da batir sun fi nauyi a kan sito ko garejin ajiye kwantena. Babban aiki mai injiniyoyi da rahoton muhalli ma bai cika ba ni tsoro ba kamar ƙaramin bene da wani ya ɗora a kan tsohuwar warsha, wato wurin gyaran mota ko injina, ba gwaji ba komai, kuma irinsa ne ni da kai muke iya haya. Don haka in kun ga gida ka tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin da, su ba sa ɓoyewa. Ka shiga ɗakin ƙasa da rana tsaka bayan an rufe tagogi ka shaƙa, ka leƙa tankin ruwa na ƙasa ka ga ko ya tsage ko akwai maiƙo a saman ruwan, tunda a Jidda ruwan ƙasa yana kusa kuma tankin da ya tsage zuƙa yake. In da hali ku ɗauki hawa na biyu zuwa sama. Kai kuma kayan aikinka da takalminka kada su shiga ɗakin da mai ciki take, ka cire a waje, a wanke su daban. In kun sake cin karo da irin wannan ƙasar a wurin aiki ku fito daga ramin ku gaya wa mai kula da lafiyar ma’aikata, ƙyallen rufe hanci na ƙura ba ya tare tururin mai.

Gidan bakin teku kuma akwai gishiri, yana cin rodi da mukayyif, wato na’urar sanyaya ɗaki, da ƙofar ƙarfe, ka duba ginshiƙan wurin ajiye mota, in ka ga siminti ya kumbura yana zubar da jan tsatsa to ka san abin da ke ciki.

Tambaya: Malam ni ina da iƙama, ina ɗan kasuwancin turare a Makka, na tara abin da na tara. Kafilina, ɗan ƙasar da iƙamata ke ƙarƙashinsa, mutumin kirki ne, ya ce in ina son shuƙƙa a sababbin gidajen Jidda ya saya min da sunansa. Ya kake gani? Daga wani Alhaji, Makka.

Amsa: Alhaji ban goyi baya ba sam. Ba kirkinsa nake tuhuma ba, amma takardar mallaka sunan wanda ke kanta ta sani, in ya rasu gidan ya shiga gado, in bashi ya hau kansa kotu za ta iya kama gidan, kai kuma ba ka da bakin magana don abin da kuka yi doka ba ta yarda da shi ba tun farko. Kuma yanzu ba ka buƙatar wannan hanyar. An amince da sabuwar dokar mallakar gida ga waɗanda ba ’yan ƙasa ba a watan Yuli 2025, ta fara aiki Janairu 2026, an ce za a iya saye a yankunan da hukuma ta ware, Makka da Madina kuma suna da nasu sharuɗɗan na daban. Akwai kuma iƙama ta musamman ga wanda ya mallaki gida na riyal miliyan 4 zuwa sama, in ƙarfinka ya kai can. Ka je da iƙamarka wurin lauya ko ofishin dillanci mai lasisi su duba maka ko unguwar da kake so tana cikin yankunan da aka buɗe, ka lissafa harajin cinikin gida kashi 5 cikin 100 da sauran kuɗaɗen da ake ɗora wa baƙo, ka kuma nemi a rubuta maka kuɗin hidimar bene na shekara kafin ka sa hannu. Kafilin naka ka yi masa godiya, ka ce ya raka ka ya zama shaida.